Karɓi lasisinka tukuna, makirufo ba zai gudu ba

'Yan uwana ɗalibai, musamman mu na Kwalejin Jinya da Ungozoma ta Kafanchan, mu yi wata magana tsakani da Allah. Duk wanda Allah ya ba murya a cikinmu, da zarar an tafa masa a kwaya ko a bikin Tuk-Ham a Kwoi, sai abokai su fara zuga shi: ajiye karatun nan shekara ɗaya, ka tafi Jos ko Abuja ka shiga situdiyo.

Ni dai ra'ayina, a yi waƙa, amma a gama tukuna.

Hutun nas mai lasisi daban, hutun ɗalibi daban. Wanda ya ci jarrabawar Council, in waƙa ta ƙi, zai iya dawowa ya nemi aiki a asibitin Kwoi ko na Kafanchan. Wanda ya fita a aji biyu fa? 'Yan ajinsa sun wuce, fostin ya wuce shi, abin da ya haddace ya fara zubewa, hannunsa ba takarda. Kuma mu tuna, da yawanmu citta aka haƙa aka sayar aka biya mana kuɗin makaranta. Wannan gumin ba abin caca ba ne.

Masu zugar za su ce ai wasu sun bar asibiti sun yi suna. Haka ne, amma a duba yadda suka yi. Dr Sid sai da ya gama karatun likitan haƙori a Jami'ar Ibadan kafin ya rungumi waƙa gaba ɗaya. Naomi Judd ta Amurka tana aikin nas ta miƙa kaset ɗinsu ga wani furodusa da ta yi jinyar 'yarsa, a 1983 kamfanin RCA ya ɗauke su ita da 'yarta. Aikin ne ma ya buɗe mata ƙofa.

Na yarda, murya tana da lokacinta, kuma dutin dare yana cinye mutum. To, yi rikodin a lokacin hutu, saka a TikTok da Audiomack, ka ga ko waɗanda ba su san ka ba za su saurara. Tafin 'yan unguwarku ba kasuwa ba ce.

In waƙar ta fara biyan kuɗin haya, lasisi na aljihu, tafi abinka, mu ne 'yan layin gaba.

Mawaƙan ajinmu, me kuka ce?