Takardar WAEC: Mabuɗin Ƙofa Ce Ko Ma'aunin Daraja?

Duk wanda ya taɓa zama da sababbin ɗalibai a sashen harsuna ya san tambayar da ake yi bayan an gama gaisuwa: "Kai me ka nema tun farko?" Wani ya ce aikin lauya, wata ta ce aikin jarida, wani kuma ya ce shi dai inda aka jefa shi nan ya faɗa. Idan ka bi diddigin maganar, sai ka tarar wasu daga cikinsu ba jarrabawar JAMB ce ta kayar da su ba, domin sun ci maki mai kauri. Abin da ya tare musu hanya wata takarda ce da suka rubuta tun suna aji shida na sakandare, suna 'yan shekara 16 ko 17, ta biyo su har bakin ƙofar jami'a. A kan wannan takarda nake so mu tattauna, ya ɗan'uwa mai karatu. Ra'ayina shi ne, aikinta ya kamata ya tsaya a buɗe ƙofa. Da zarar an mayar da ita ma'aunin da za a jera ɗalibai a kai, wannan gaba wancan baya, to makarantun da suka fito aka auna, ba su kansu ba.

Bari mu ɗan koma baya domin a san inda aka fito. Hukumar WAEC ta kafu a 1952, JAMB a 1978, ita kuwa NECO sai a 1999. Shekara da shekaru aikin takardar sakandare a bayyane yake: ka kawo kiredit biyar a darussan da suka dace da abin da kake son karantawa, sannan makinka na JAMB ya yi maka magana. Mai A1 da mai C6 duk sahu ɗaya suke tsayawa. A 2005, zamanin da Misis Chinwe Obaji ke ministar ilimi, aka ba jami'o'i damar yin tasu jarrabawar tantancewa bayan ta JAMB, saboda sun yi ta kukan cewa ana turo musu masu manyan makuka waɗanda ba su iya rubuta jimla ɗaya ingantacciya. A 2016 Malam Adamu Adamu ya soke wannan jarrabawa, a 2017 kuma aka dawo da ita. To a wannan tsakani ne jami'o'i da dama, da yake an hana su gwada ɗalibai da kansu, suka koma ga takardun da ke hannu, suka shiga ba kowane mataki na sakamakon WAEC da NECO nasa maki. Da jarrabawar ta dawo, wasu ba su saki wannan lissafi ba.

Mu ɗauki Jami'ar Legas a matsayin misali, kasancewarta cikin waɗanda aka fi rububin shiga. A tsarin da ta bi a 'yan shekarun nan, JAMB na da kashi 50 cikin 100, jarrabawar tantancewa kashi 30, takardar sakandare kashi 20. Ana ɗaukar darussa biyar, A1 maki 4.0, B2 maki 3.6, a yi ta saukowa har C6 mai maki 2.0. Ke nan mai A1 biyar yana da 20, mai C6 biyar yana da 10. Wani zai ce ai maki goma ba wani abin tayar da hankali ba ne. To sai mu yi ɗan lissafi, ko da yake an ce mu 'yan harshe ba ma shiri da shi. Makin JAMB 400 ne, ana raba shi gida takwas domin ya dawo 50. Wato kowane maki ɗaya a wannan jimla daidai yake da maki takwas na JAMB. Saboda haka tazarar maki goma daidai take da maki 80. Idan mai A1 biyar ya ci 250 a JAMB, sai mai C6 biyar ya ci 330 kafin su yi kunnen doki, in har sun zo ɗaya a tantancewa. Duk wanda ya zauna gaban kwamfutar JAMB ya san 330 ba wasan yara ba ne. A sakamakon farko na 2025, cikin mutum sama da miliyan 1.9 da suka rubuta, sama da miliyan 1.5 ko 200 ba su kai ba. A fannoni irin su likitanci da shari'a kuwa, inda ɗigo kaɗan ke raba mai shiga da mai komawa gida, saukowa daga B2 zuwa B3 a darasi ɗaya tak ya isa ya sauya wa mutum rayuwa.

Tambaya a nan ita ce, mene ne A1 ke nunawa? A wurin wasu hazaƙa ce da ƙwazo, wannan babu musu, kuma ba na so a fahimce ni da cewa ina ƙasƙanta guminsu. Amma mu dubi yara biyu. Ɗaya yana makarantar kuɗi, su ashirin da biyar a aji, da ɗakin gwaje-gwaje, da malamin da aka ɗauka musamman domin bitar tambayoyin shekarun baya, ga darasin gida da yamma. Ɗayan yana makarantar gwamnati, aji ya cika maƙil har wasu na zaune a taga, an shafe zango ba malamin Kimiyyar Sinadarai, in an tashi kuma ya wuce kasuwa taya mahaifinsa tsaron rumfa. Irin wannan yaro na biyu ba baƙo ba ne gare mu, ko a Agege ko a Sabo ta Ibadan ko a ƙauyukan arewa. Idan ya fito da C4, a nawa ganin ya nuna abin da na farkon bai nuna ba da B2 ɗinsa, domin shi da kansa ya haƙo abin da ya sani. Sai dai kwamfutar da ke tara maki ba ta san wannan labari ba. Ita 2.8 ta gani da 3.6.

Wannan ma idan an yi jarrabawar tsakani da Allah ke nan. Kowa ya san da zaman cibiyoyin nan da ake kira "mirakul santa", inda iyaye ke biyan kuɗi a yi wa yaro rajista a wata makaranta ta bayan gari, a rubuta amsa a allo, kowa ya kwafa. WAEC da kanta ta riƙe sakamakon mutum sama da 190,000 a 2025 bisa zargin maguɗi, kuma waɗannan su ne waɗanda ido ya kai kansu. A da, mai zuwa irin wannan wuri kiredit kawai yake nema ya tsallake siraɗi. Yanzu da aka sa wa A1 farashi, ai an buɗe wa masu wannan sana'a sabuwar kasuwa. Uban da ya san cewa kowane mataki yana da maki, kuma yana da kuɗi a aljihu, ba ƙaramin tsoron Allah zai hana shi ba. Shi kuwa yaron da ya zauna ya rubuta da kansa ya samo C5, shi ne za a ce wa bai cancanta ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Sannan shi kansa ma'aunin bai kai ingancin da za a riƙa ƙirga ɗigo da shi ba. Abin da ya faru a 2025 ya isa hujja. A ƙarshen watan Mayu, an jinkirta takardar Turanci saboda fargabar fitar tambayoyi, har ɗalibai a wurare da dama suka rubuta ta cikin dare, da tocila da fitilar waya. Da sakamako ya fito a watan Agusta, aka ce kashi 38.32 cikin 100 ne suka sami kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. Bayan 'yan kwanaki hukumar ta fito ta ce an sami kuskure wajen makin wani ɓangare na takardar Turanci, ta nemi afuwa, adadin ya koma kashi 62.96. A yaba mata da ta gyara. Amma ma'aunin da zai iya yin irin wannan tsalle cikin mako ɗaya, yaya za a ɗauki tazarar 0.4 da ya bayar a ce da ita za a yanke wa yaro hukuncin zama likita ko rashin zama?

Na san masu goyon bayan tsarin suna da tasu hujja, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa JAMB jarrabawa ce ta awa biyu a rana ɗaya, ta canki-canka, wadda zazzaɓi ko matsalar na'ura kan iya lalata wa mutum. Gaskiya ne, domin a shekarar 2025 ɗin nan dai shugaban JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya amsa cewa matsalar na'ura ta shafi mutum 379,997 a Legas da jihohin kudu maso gabas, aka sake musu zama. Ita kuwa WAEC makonni ake yi ana rubuta ta, akwai insha'i, akwai gwaji a aikace, saboda haka ta fi nuna zurfin karatu. Na yarda da rabin wannan magana. Abin da ta tabbatar shi ne kada a dogara ga jarrabawa ɗaya. Ba ta tabbatar da cewa a ɗauki sakamakon makarantu masu bambancin sama da ƙasa a zuba su a kwando ɗaya ba. JAMB, duk da aibinta, ana yin ta a cibiyar da ba ta makarantarka ba, gaban mutanen da ba su san ka ba. WAEC kuwa a ajinku ake yin ta, kuma wani kaso na makin daga malaman makarantar yake fitowa.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne sharaɗin "zama ɗaya". Jami'ar Legas ta daɗe tana neman kiredit biyar ɗin su fito daga zama guda, haka kuma sassan likitanci a jami'o'i da yawa. Ma'anar wannan, yarinyar da ta yi jinya a makon takardar Lissafi, ta fito da D7, ta dage ta sake rubutawa ta ci B3, ba za ta haɗa takardun biyu ba, sai dai ta sake duka daga farko, da sabon kuɗin rajista, da wata shekarar zaman gida. Mu kuwa mun san abin da zaman gida na shekara guda ke nufi ga 'ya mace a gidaje da yawa: kafin sakamako ya fito an kawo kuɗin gaisuwa. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, amma a yi dubu ba a fito ba. Me jami'a ke son ganewa da wannan sharaɗi? Idan ilimin ake nema, ga shi ta kawo. Idan juriya ake nema, wa ya fi wanda ya faɗi ya tashi nuna ta?

A watan Oktoba na 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, ƙarƙashin Dakta Tunji Alausa, ta sanar da cewa kiredit a Lissafi ya daina zama dole ga masu neman fannonin fasaha da adabi, ko da yake dole ne kowa ya rubuta darasin. Wannan ya shafe mu kai-tsaye, kuma mataki ne mai kyau, domin ba mu san iyakar masu baiwar harshe da wannan darasi ya tsare a waje ba. Sai dai gyaran ya taɓa ƙofa ne kawai, bai taɓa tsanin da ke bayanta ba.

To ina mafita? Ba sai mun ƙirƙiro sabon abu ba. A Ingila ma manyan jami'o'i suna duba sakamakon GCSE, jarrabawar da yara ke yi suna kimanin shekara 16. Amma Jami'ar Oxford, alal misali, tana karanta sakamakon ɗalibi ne tare da duba yadda makarantar da ya fito ta saba yi, ta yadda wanda ya yi zarra a makaranta mai rauni ba ya ɓacewa a bayan ɗan makarantar masu hali. Mu ma wannan tunani ba baƙo ba ne a wurinmu. Jami'o'in tarayya sun daɗe suna raba gurabe kashi 45 ga cancanta, 35 ga yankin da ke kewaye da jami'a, 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. Wato mun riga mun yarda cewa inda mutum ya fito yana da tasiri a kan makinsa. Matsalar ita ce ma'aunin jiha ya yi faɗi da yawa. Ɗan babban ma'aikaci da ya yi makarantar kuɗi a Abuja yana iya cin moriyar sunan jiharsa, alhali ɗan mai gadi da ya yi ta gwamnati a Ajegunle ba shi da wata inuwa da zai raɓa.

Kayan aikin kuwa suna nan. Kowace makaranta tana da lambarta a WAEC da NECO, hukumomin sun san yadda kowacce ke yi shekara da shekaru, kuma tun 2017 JAMB ke tafiyar da ba da gurabe ta manhajar CAPS, inda ake ɗora sakamakon sakandare na kowane mai nema. Jami'ar da ta nace sai ta ba takardar sakandare maki, to ta auna yaro da takwarorinsa na makarantarsu, ta kuma sa ido a kan cibiyar da kowace shekara kowa ke fitowa da A1. Wadda ta ga wannan aiki ya yi mata yawa, ta koma ga tsohon tsari: kiredit biyar, a zama ɗaya ko biyu, su ba mutum damar shiga ɗakin tantancewa, kashi 20 ɗin nan kuma a mayar da shi kan jarrabawar da jami'ar ta shirya da hannunta, ta kuma tsare da malamanta.