Mai Mai Kauri Ba Ya Mayar da Tsohon Inji Yaro

A garejin makanikai daga Kano zuwa Maiduguri akwai wata fatawa da ba a cika jayayya da ita ba: mota in ta tsufa, a ɗura mata baƙin mai mai kauri. Hujjojin biyu ne, wato injin ya sha tafiya, kuma ƙasar akwai zafi. Shi ya sa 20W-50 ya zama abincin kowace mota, tsohuwar Fijo ce ko Corolla da aka sauke jiya daga Kwatano. Fatawar tana da asali, amma zamani ya wuce ta, kuma mai motar ne ke biyan kuɗin kuskuren.

Asalinta zamanin Fijo 504 ne, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975. Injinan wancan lokaci an ƙera su da tazara mai faɗi tsakanin ƙarafan da ke gogayya, don haka mai mai kauri ya dace da su. Makanikan da suka koyi sana'a a kansu sun koyar da yaransu, yaran suka koyar da nasu. Injinan suka canza, darasin bai canza ba.

Lambobin da ke jikin galan ba ado ba ne. A 5W-30, lambar farko tana nuna yadda man ke gudana lokacin da inji ke sanyi. Ƙanƙantarta na nufin saurin isarsa lungunan inji da zarar an tayar. Ta biyu kuwa kaurinsa ce a zafin digiri 100. Nan hujjar zafin ƙasa ke rauni, domin inji mai lafiya yana aiki ne a wajajen digiri 90 zuwa 100, a Sakkwato yake cikin Afrilu ko a Jos cikin Disamba. Lagireto da fanka da na'urar daidaita zafi ne ke tsare wannan ma'auni. Motar da ke yawan zafi ruwanta za a duba, ba manta za a kaurara ba.

Da yawa daga cikin motocin da ma'aikata ke hawa a yau 'yan Amurka ne na hannu. Corolla ta 2003 zuwa 2008 an tsara ta ne da 5W-30, Honda Accord ta 2003 zuwa 2007 kuma da 5W-20, kuma galibi an rubuta hakan a murfin da ake zuba man. Irin waɗannan injina suna amfani da matsin mai wajen sarrafa lokacin buɗewa da rufewar bawul, ta wasu ƙananan hanyoyi masu ƙunci. A Toyota ana kiran tsarin VVT-i. Mai mai kauri yana jinkirin ratsa su, musamman da asubar hunturu, kuma kaso mai yawa na cinyewar inji yana faruwa ne a daƙiƙun farko bayan tayarwa, kafin mai ya kai ko'ina. Ƙarar injin kan lafa, mai mota ya ji daɗi, alhali gyaran gangar Auzinawa aka yi masa.

Duk da haka makanikan ba su yi kuskure gaba ɗaya ba. Injin da ya ci kilomita 300,000, ringinsa ya saki, yana shan mai, zai iya amfana da ƙarin kauri, kuma littattafan wasu motocin da aka kera don ƙasashe masu zafi sun yarda da hakan. Sai dai mataki ɗaya ake hawa, daga 5W-30 zuwa 5W-40 ko 10W-40, kuma bisa alama, ba bisa shekaru ba. Alamar tana jikin sandar awon mai: a duba ta kowane mako, mota na tsaye a wuri mai daidai, a lura da abin da ya ragu a kowace kilomita 1,000. Injin da ba ya shan mai, ba ya ɗiga, ba shi da dalilin barin abin da maƙeransa suka rubuta. Lambar tafiyar da ke gaban direba ma ba abar dogaro ba ce, tunda akan mayar da ita baya kafin sayarwa.

Akwai kuma man da aka haɗa musamman don injinan da suka haura mil 75,000, kimanin kilomita 120,000. Yana ɗauke da sinadaran da ke tausasa robobin da suka bushe, don haka yana rage ƙaramin yoyo. Amma ba ya ɗinke ringin da ya mutu. Shuɗin hayaƙi daga salansa kira ne zuwa ga gyara, ba ga sabon galan ba.

Abin da ya fi kauri muhimmanci shi ne ingancin man da lokacin juye. A nemi tambarin API a jikin galan, mai daraja SN ta 2010 ko SP ta 2020, a saya a rufe daga dila sananne. Man da ake aunawa a kwalba a bakin titi ba a san asalinsa ba, kuma araha ba ta ado. Ƙurar hunturu, cunkoso da gajerun tafiye-tafiye cikin gari su ne abin da littattafan motoci ke kira aiki mai tsanani, don haka juye a kowace kilomita 5,000, tare da sabuwar filta, ya fi aminci.

A wannan zamani da sayen wata motar ya gagari mafi yawan masu albashi, injin da ya buga na iya cinye ajiyar shekara guda. Wanda ke bin diddigin kowace naira a ofis bai kamata ya miƙa mabuɗi ya ce “a zuba wanda aka saba” ba. Buɗe bonet a karanta abin da ke kan murfin bai kai minti ɗaya ba.