Darasin Share Fagen Malanta a Intanet: Me Za a Ɗora, Me Za a Bari?

A watan Maris na 2020, jim kaɗan bayan an watse daga bikin kamun kifi na Argungu, aka rufe makarantun ƙasar nan saboda annobar korona. Jami'o'in gwamnati kuma suka haɗa da yajin aikin malamai wanda bai ƙare ba sai watan Disamba. Tun daga lokacin ake ta kiran a mai da wasu darussa kan intanet. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi jan hankali shi ne darasin share fage na fannin Ilmi, watau wanda ɗalibin aji ɗaya ke ɗauka kafin ya shiga dabarun koyarwa gadan-gadan. Dalili kuwa a fili yake: darasi ne mai tara jama'a, har na bayan ɗaki ba ya jin malami.

Shawarar tana da kyau, kuma ta shafi Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, da Kwalejin Ilmi ta Adamu Augie da ke Argungu. Karatu daga nesa ba baƙon abu ba ne ga malaman Arewa. Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, ta horar da ɗimbin malaman firamare ta hanyar littattafan da suke karantawa a gida, sa'an nan su haɗu da masu koya musu a ƙarshen mako.

To amma a wace siga za a aika da darasin? Nan ne gizo ke saƙa. Masu tsara irin wannan aiki sukan yi shi a ofis mai lantarki, su zaɓi lacca ta bidiyo kai tsaye. Ɗalibin da ya fito daga ƙauyukan fadamar Rima kuwa wayar hannu kaɗai gare shi, kuma sau da yawa sai ya biya mai janareto kafin ya yi mata caji. Hoton bidiyo jerin hotuna ne masu yawa a kowace daƙiƙa, shi ya sa yake cin data ninkin-ba-ninkin abin da murya kaɗai ke ci. Da layi ya yanke, abin da malami ya faɗa ya wuce ke nan. Laccar da aka naɗa da murya, aka haɗa ta da rubutu, ana iya sauke ta sau ɗaya ranar kasuwa, a saurare ta sau goma a gida. Da damina ma, in ruwa ya raba gari da gari kamar yadda ambaliyar 2020 ta yi a jihar, karatu ba zai tsaya ba. Tarihin ilmi, daga makarantar allo zuwa makarantun Hans Vischer, watau Ɗan Hausa, a Nassarawar Kano, ya dace da wannan hanya ƙwarai.

Akwai kuma ɓangaren da bai kamata a ɗora shi kan waya ba sam. Mai shirin zama malami yana koyon sana'ar ne da ido tun daga ranar farko: yadda ake tsayuwa gaban allo, da jefa tambaya ga yaron da ya sunkuyar da kai, da kwantar da hayaniyar aji ba tare da bulala ba. Gani ya kori ji. Wanda ya share shekarar farko bai ga ƙwararren malami yana aiki ba, zai je gwajin koyarwa ya maimaita abin da aka yi masa a firamare, mai kyau da maras kyau.

Saboda haka ya kamata a raba darasin gida biyu. Bayanai su tafi intanet da murya da rubutu. Sa'o'in da aka samu sarari a kansu kuma a karkasa ɗalibai ƙungiya-ƙungiya, a kai su makarantun firamare na Argungu da Birnin Kebbi su zauna bayan aji su yi kallo, su dawo su tattauna da malaminsu. Jarrabawa ita ma a ci gaba da yin ta a zaure, gaban masu sa ido.