Naman Amarya, Giyar Bature da Zoɓonmu

Yau mako uku ke nan ana yi da ni a teburin mai shayi na bakin kasuwa a nan Kumagannam, kuma tun da maganar ta ƙi mutuwa, na ga gara in faɗi tawa da bakina. Laifin da na yi shi ne na soya wa matata nama da hannuna, muka zauna muka ci a faranti ɗaya, daga ni sai ita. Wani ya ce an shanye ni. Wani ya ce boko ne ya yi mini yawa, alhali iyakata sakandare. Wani abokina kuwa duk inda ya hango ni sai ya ɗaga murya ya ce, "Ango, yau me za a ɗora mana?" Duk wannan ban damu ba. Wadda ta yi mini ciwo ita ce da aka kai wa Baba cewa wai abincin da na yi irin wanda ake zuba wa giya ne.

Ga wanda bai san ni ba, kakana jirgin ƙasa ne ya kawo shi Nguru daga Kano, shekaru bayan layin dogo ya iso garin a 1930. Baba kuma ya ƙaro gaba zuwa nan cikin Mangawa, yana sayen kanwa da riɗi da zoɓo yana kai wa Nguru da Gashuwa. A nan aka haife ni, a kan buhunan nan na tashi.

Abin ya faro ne wata rana a Nguru, ina zaune ina jiran a gama lodi, sai na ga wani Bature a waya yana shirya wa matarsa abincin dare. Ya ɗauko tsokar naman sa mai kaurin yatsa biyu, ya soya ta a kasko mai zafi, ya kwashe, sannan ya tsiyaya jar giya a cikin kaskon ya yi ɗan romo mai kauri ya zuba a kai. Ya kunna kyandir biyu. Kyandir ɗin dariya ya ba ni, domin mu da ba mu san wutar lantarki ba sai a bakin 'yan siyasa, cin abinci a hasken kyandir ba soyayya ba ce, rashin batir ne. Amma a mota muna komawa gida sai wani tunani ya tsaya mini a rai. Wata takwas da aurena, ban taɓa cin abinci tare da matata ba ko sau ɗaya. Ni ina zaure da Baba da ƙannena, ita tana ciki da Inna. Ban san ko tana son yaji da yawa ba. Ban ma san da wane irin loma take ci ba.

To bari in fara da maganar giya, don ita ce mai nauyi. Ban zuba ba, ba zan zuba ba, kuma ko da na so, a jihar da ke bin Shari'a tun shekarar 2000 ina zan kai kaina? Amma akwai wata magana da nake jin wasu samarinmu da suka zauna a Legas ko Abuja suna yi, wai ai idan aka dafa giya duk abin da ke sa mayen yana bin tururi ya tafi, saura ɗanɗano kawai. Wannan ba gaskiya ba ne. A 1992 masu bincike a Amurka sun auna abin, suka tarar idan aka zuba giya a abinci aka cinna mata wuta ta kama, irin yadda masu girkin otal ke yi don burgewa, kusan kashi 75 cikin ɗari na sinadarin mayen yana nan. Idan ta yi minti 15 tana tafasa a hankali, saura kusan kashi 40. Sai an kai awa biyu da rabi kafin ya sauko kusan kashi 5. Romon da Baturen nan ya yi kuwa bai fi minti goma a wuta ba. Mu kuma abin da muka karanta tun muna Islamiyya shi ne, duk abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Shi ke nan, babu wata kwana-kwana.

Sai dai na tambayi kaina: me giyar take yi a cikin kaskon? Faransawa ne suka shahara da irin wannan romo, har akwai wanda ake kira da sunan garin Bordo, inda ake noman inabi. Idan ka duba da kyau, aiki uku take yi. Na farko, idan an soya nama akwai ɗan ƙanzo mai launin ƙasa da ke mannewa a gindin kasko, kuma a nan rabin daɗin yake, sai ruwa mai zafi ya narkar da shi. Na biyu, tana kawo tsami wanda ke yanke maiƙo. Na uku, tana kawo jan launi da ɗan bauri. Da na lissafa haka sai na juya na kalli buhunan da nake zaune a kai. Jan launi, tsami, bauri: ai zoɓo ke nan! Abin da Baba ya shekara talatin yana aunawa, wanda ake lodawa daga ƙasar nan har Meziko su jiƙa su sha, mu kuma ba mu san shi da komai ba sai a ƙulla a leda yara su sayar.

Ga yadda na yi, ko wani zai so gwadawa. Naman ne babbar matsala. Shanun Turai a killace suke, ga kitse ya ratsa tsokarsu, kuma bayan yanka sai a rataye naman a ɗakin sanyi mako biyu ko uku ya yi laushi. Namu san ya tako daga Nijar da ƙafarsa, an yanka shi da asuba, ka saya da hantsi. Idan ka ɗauki cinya ka ce za ka soya ta minti shida, wallahi sai dai ku kwana kuna tauna. Na je wajen wani tsohon mahauci a Nguru na yi masa bayani, ya yi dariya ya ce, "Yaro, tsokar cikin gadon baya kake nema, wadda ke kwance ƙarƙashin ƙashin baya. Ita ce ba ta aiki." Ya yanko mini guda biyu, ya ƙara mini da ƙashi mai ɓargo. Na sa a kula da ƙanƙara na kamo hanya.

A gida na dafa ƙashin da albasa na sami romo. Na jiƙa zoɓo cikin tafin hannu ɗaya a ruwan zafi kofi guda, babu sukari, na tace. A lura, sabon jiƙo ake so, domin zoɓon da aka sa wa sukari ya kwana biyu a zafin nan namu shi ma ya fara hanyar da muke gudu. Naman na ɗan bubbuga shi da muciya, na tsane shi da tsumma mai tsabta, na barbaɗa gishiri da masoro. Kasko ya yi zafi sosai a kan gawayi kafin na sa mai kaɗan na kwantar da shi. Kada a taɓa, kada a yi ta juyawa kamar ana suyar ƙosai, a bar ɓangare ɗaya ya yi ja sosai sannan a juya. Turawa suna son cikinsa da sauran ja, suna cewa ruwan nan ba jini ba ne, kuma gaskiyarsu, ruwan tsoka ne. Amma ni naman da ya sha hanya a cikin kula, ga kuma tsoron tsutsar ciki, na bar shi ya nuna har ciki. Na kwashe na rufe shi minti biyar. A cikin kaskon na soya albasa 'yar ƙanana, na juye ruwan zoɓon ina kankare ƙanzon da cokali, na ƙara romon ƙashi, da dabino biyu da na dake don su karya tsamin, da kanumfari ƙwaya ɗaya. Da ya ƙone ya koma rabi sai na sauke na jefa man shanu cokali guda. Karon farko na cika masoro, ita ma ta faɗa mini.

Yanzu ga inda nake da ja da 'yan teburin shayi. Wa ke gasa tsire a ƙasar Hausa? Wa ke yin balangu da kilishi? Ranar Layya wa ke tsaye a kan garwashi daga hantsi har dare? Mai shayin da muke zaune a wajensa ana yi mini dariya, da hannunsa yake soya ƙwai da Indomie yana miƙa wa ƙarti. Kakanninmu fatake da suke wata da watanni a hanya, wa yake dafa musu? Duk wannan ba abin kunya ba ne muddin kuɗi za a ba ka ko maza ne za su ci. Amma ranar da ka ce matar da ka auro ka raba da gidansu ita za ta ci, sai a fara ɗaga gira ana ambaton 'yan daudu. Ni wannan lissafin bai shige ni ba. Kuma masu kawo addini cikin maganar su tuna, Nana A'isha ta ba da labarin Manzon Allah (SAW) yana taya iyalinsa aikin gida, kuma ya zo a Bukhari cewa har lomar da mutum ya sa a bakin matarsa yana da lada a kanta.

Wani abu da na lura da shi game da mu mazauna shi ne, mun fi na gida riƙon abin da na gida suka fara saki. A Kano yau saurayi ya ɗauki amaryarsa su je gidan cin abinci ba wanda zai waiwaya. Mu da muke nesa, muna tsoron kada a ce mun ɓace a ƙasar wasu, sai muka ƙanƙame kowace al'ada kamar aya ce. Ga shi nan babu gidan abincin da za ka kai mace. Idan ba ka yi mata a tsakar gida ba, babu inda za a yi.

Amma ba zan ɓoye ba, akwai magana ɗaya da ta fi ƙarfina, kuma daga Inna ta fito. Da ta ga hayaƙi ta leƙo ta same ni tsugune gaban kurfoti, ba ta yi faɗa ba. Washegari ta kira ni ta ce, "Kai ba ka san me ake nufi da girki ba. A gidan nan da ni da abokiyar zamana, wadda ke da girki ita ke da miji. Tukunyar mace ita ce sarautarta. Ka shiga ka karɓe, mutane za su ce yarinyar nan ba ta iya ba, ita za a zaga ba kai ba." Na yi shiru, domin gaskiya ta faɗa. Kwana biyu bayan nan wata maƙwabciya ta tambayi matata a gidan suna ko ba ta da lafiya ne har mijinta ke dafa mata. Ni aka yi wa dariya, ita aka yi wa gori, kuma ban yi wannan tunanin ba kafin in hura gawayi. Don haka duk wanda zai bi sawuna ya fara tambayar maiɗakinsa ko tana so. Mai mata biyu kuwa ya san cewa idan ya soya wa ɗaya ranar girkinta, ya ɗauki bashin ɗayar.

Ni na tambayi tawa bayan abin ya faru, wanda da kafin ya kamata in yi. Ta daɗe tana wasa da bakin mayafinta sannan ta ce naman ba shi ne ya dame ta ba, ko gyaɗa ce ma ta isa. Abin da ta riƙe shi ne mun yi awa biyu a kan tabarma ɗaya ba wanda ya kira ni zaure, har ta ba ni labarin yadda ta so ta ci gaba da karatu a Gashuwa, abin da wata takwas ban taɓa ji ba.

Baba kuwa da aka kai masa maganar giya, bai ce mini komai ba sai da muka fito daga sallar isha'i. Ya ce, "Me ka zuba a ciki?" Na ce zoɓo ne, Baba, na cikin buhun da ke ƙofar sito. Ya ɗan yi tafiya sannan ya ce, "Ka rubuta shi a littafi, na sayarwa ne." Na rubuta. Mun kuma yi shawara da ita cewa nan gaba ita za ta yi romon, ni in tsaya a kan naman, kuma sai bayan an rufe ƙofar gida.