Idan za a rufe makaranta, a gaya wa iyaye tun dare

Ranar Asabar 7 ga Satumba, 2024, Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Kano ta sanar da ɗage komawa makaranta, alhali washegari Lahadi 'yan makarantun kwana za su koma, na jeka-ka-dawo kuma Litinin. Mu masu waya a hannu nan take muka gani a Facebook da WhatsApp, har da barkwanci. To uban da ke wani ƙauye a Kunchi ko Makoɗa fa, wanda ya riga ya kai hatsinsa kasuwa ya haɗa wa 'yarsa sabulu, garin kwaki da kuɗin mota? Ni ba dalilin ɗagewar ne ya dame ni ba, lokacin da aka faɗa ne.

Wannan ma babba ce, ta shiga rediyo. Wadda ta fi cin mutanenmu ita ce ƙaramar, ta damina, wadda babu mai rubuta ta. An kwana ana ruwa, iska ta yaye kwanon aji, ko malamai sun kasa tsallako rafi da babur. Yara sun riga sun iso, sai wajen ƙarfe tara a ce kowa ya tafi gida.

Wane gida? Da an ce "iyaye ma'aikata" sai hankalinmu ya tafi kan mai ofis a birni. A ƙauyukan Dambatta, Bichi da Tsanyawa kusan kowa ma'aikaci ne, albashi ne kawai babu. Uba ya fita gona tun asuba, ko yana ƙwadago a gonar wani, inda in ya ajiye fartanya kafin lokaci kuɗin yinin ya tafi. Uwa na bakin wuta tana suyar ƙuli-ƙuli ko awara, ko ta tafi aikatau. Dukkansu sun tsara yininsu ne a kan cewa yaro yana hannun malam har azahar. Shi kuwa ɗan aji biyu yana kan hanya shi kaɗai, ga kududdufai sun cika maƙil, kuma kowa ya san yadda ruwa ke jan yara. Wallahi wannan ya wuce maganar asarar darasi.

Na yarda, hadari ba ya aiko da takarda. Amma ba kullum ake mamayar mu ba. NiMet tana fitar da hasashen yanayi na kwana uku-uku, kuma ajin da ya yaye da la'asar ba sai gari ya waye ake sanin ba zai zaunu ba. Maƙwabtanmu Nijar, da ambaliyar 2024 ta yi musu ɓarna, tun cikin Satumba suka sanar cewa an mayar da komawa makaranta daga 2 zuwa 28 ga Oktoba. Iyaye suka samu sararin shiri.

A ajin aikin jarida ana nanata mana cewa saƙo bai zama saƙo ba sai ya isa ga wanda aka yi dominsa. Takardar da aka liƙa a shafin ma'aikata ba ta isa ga mutumin da wayarsa ko intanet ba ta hawa ba. Hedimasta ya gaya wa mai unguwa da liman, a faɗa a lasifikar masallaci bayan magariba ko isha'i. Idan ta jiha ce, a saka a labaran dare na rediyo. In kuwa yara sun riga sun zo, a tara su a ajin da ya fi lafiya har lokacin tashi, kar a sake su.

Mu ma da namu. Kai da ka ga sanarwar da ƙarfe takwas na dare, ka fara tabbatar da ta gaske ce, don takardun bogi sun yi yawa a guruf-guruf. Sannan ka kira gida, ka ce wa Baba ya faɗa a masallaci.