Man da ke tsiyaya ƙarƙashin gidajen mai: Wa ke auna ruwan maƙwabta?

Duk lokacin da jami'an hukumar NMDPRA suka rufe wani gidan mai, laifin da aka saba ji shi ne tauye lita ko ɓoye mai. Ba kasafai ake jin an rufe wani saboda tankinsa na yoyo ba, alhali a birane irin su Kano da Kaduna gidajen mai sun kutsa cikin unguwanni, katanga ɗaya ce ke raba su da gidajen da ke shan ruwan rijiya da burtsatse.

Tankin ƙarfe da aka binne yana tsatsa, mahaɗar bututu kuma tana saki. Fetur ya fi ruwa rashin nauyi, don haka idan ya ratsa ƙasa sai ya kwanta a saman ruwan da ke ƙarƙashinta. Da damina ruwan ya taso da shi, da rani ya sauka, ya bar maiƙo a duk inda ya shafa. Wani ɓangarensa kuma yana narkewa ya bi ruwa zuwa rijiyoyi. Mafi haɗari a ciki shi ne sinadarin benzin, mai haddasa sankarar jini, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada ya wuce maikrogiram 10 a litar ruwan sha. Wari ba ma'auni ba ne: ruwa na iya haura wannan iyaka ba tare da hanci ya ji komai ba.

Binciken yana farawa ne daga littafin ajiya. A kwatanta man da tanka ta sauke da wanda famfo ya sayar da abin da sandar awo ta nuna ya rage. Giɓin da ke maimaituwa kullum, wanda sau da yawa ake ɗora wa yaran famfo, yana iya zama yoyo. Daga nan sai gwajin matsin iska a tanki da bututu, a haƙo samfurin ƙasa, a kuma gina ƙananan rijiyoyin sa ido aƙalla uku, domin da su ake gane inda ruwan ya dosa da gidajen da ke kan hanyarsa.

Najeriya ta riga ta ga iyakar abin. Rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan ƙasar Ogoni a 2011 ya gano benzin da ya ninka ƙa'ida fiye da sau 900 a rijiyoyin Nisisioken Ogale, da tataccen mai mai kaurin santimita 8 a saman ruwan ƙasa. Can bututu ne sanadi, amma hanyar gurɓatar ɗaya ce.

Inda gizo ke saƙar shi ne kuɗi. Amurka, wadda ta tabbatar da yoyon tankuna sama da 500,000, ta kafa asusun tsaftacewa a 1986 daga ɗan haraji kan kowane galan, sannan a 1988 ta ba masu gidajen mai shekara goma su gyara tsoffin tankuna ko su rufe su. A nan akwai NOSDRA tun 2006, da NESREA tun 2007, da NMDPRA da dokar man fetur ta 2021 ta samar, sai dai magidancin da ya ji warin fetur a rijiyarsa yakan rasa ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Abin da ya fi sauƙin aiwatarwa shi ne a ɗaure sabunta lasisi da shaidar gwajin tanki da sakamakon ruwan rijiyoyin da ke kewaye, a kuma manna sakamakon inda maƙwabta za su gani.