A Bar Wa Sana'a Wuri A Sabuwar Unguwa

Da muka koma gida hutun da ya wuce, ban tarar da filin da muke buga ƙwallo ba. An yanka shi fuloti-fuloti, wani ma har ya kai gininsa linta. Garinmu yana cikin ƙaramar hukumar Kumbotso ne, kudu da birnin Kano. Kakana ya ce a zamaninsu ba kome tsakaninmu da birni sai gonakin dawa da itatuwan ɗorawa. Yanzu kuwa birni ya cim mana. A ƙidayar 1991 da ta 2006 an ga yadda jama'a ke ƙaruwa, har a ta biyun aka sami kusan mutum 300,000 a wannan ƙaramar hukuma kaɗai.

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, ni ba gini nake ƙi ba, gama kowa yana son inda zai sa haƙarƙarinsa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, saura babban fili guda a gabashin garinmu, ana kuwa ta raɗe-raɗin za a yanka shi bana. In aka yi masa irin yankan da aka yi wa na baya, shi ke nan, ba mu da wani.

Irin yankan da muka saba gani shi ne awon igiya. Mai gona ya sayar wa dillali, dillali ya kawo igiya ya fitar da fuloti iyakar yadda gonar za ta ɗauka. Ba ya barin wurin makaranta ko kasuwa ko asibiti ko maƙabarta, domin waɗannan ba su kawo masa ko kwabo. Hanya kuwa sai ya matse ta ta zama lungu. Da damina ruwa ya rasa ta inda zai bi, sai ya bi ta ɗakunan mutane. In gobara ta tashi, motar kashe wuta ta tsaya a bakin titi tana kallo. Sa'an nan su mutanen da suka tare, da yake dole su ci abinci, sai wannan ya fasa katangarsa ya yi kanti, wancan ya kafa rumfa a kan lambatu, ɗan lungun da ya rage ma a cinye shi.

Akwai kuma wani irin tsari, watau a share daji a jera gidaje zalla. Wannan gadon Turawa ne. A dokar garuruwa ta 1917, zamanin Gwamna Lugga, an ware wa Turawa unguwarsu, aka bar fili na yadi 440 ba gini tsakaninsu da jama'ar gari. Su suna da masu yi musu cefane, saboda haka nisan kasuwa bai dame su ba. Mu fa? Tsakanin 2011 da 2015 Gwamnatin Kano ta gina rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo a bayan gari, gidaje masu kyau da tituna masu faɗi. Amma da yawa daga cikinsu sun yi shekaru a rufe, har a 2025 Gwamnati ta ba masu su wa'adi su tare. Lalle akwai maganar tsada. Amma a ganina, mutum ba ya ɗaukar iyalinsa ya kai su inda abincinsa ba ya nan.

Abin mamaki, kakanninmu sun riga mu gane wannan. Ku shiga cikin ganuwar Kano ku ji sunayen unguwanni: Soron Ɗinki, Dukawa, Maƙera. Sana'a ce ta ba su suna. Marina tana Ƙofar Mata, Kasuwar Kurmi kuwa, wadda aka kafa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, tana tsakiyar gari, ana zuwa da ƙafa. Zauren gida shi ne makarantar allo da safe, shi ne wurin ɗinki da rana, shi ne masaukin baƙo.

Wana tela ne. Kullum sai ya hau adaidaita sahu biyu kafin ya isa shagonsa cikin birni, ya fita bayan asuba ya dawo bayan isha'i, 'ya'yansa ba su ganinsa sai ran Juma'a. Da an tsara layin shaguna a bakin babban titin unguwarmu, shago a ƙasa ɗakuna a sama, da kuɗin motar nan sun zama kuɗin littattafai. Haka iyayenmu mata masu ƙuli-ƙuli da ɗinkin hula. In kasuwa na kusa, ba sai an ɗora wa yarinya talla ta yi nisa har ta rasa makaranta ba.

Na san wani zai ce, wa ke son injin niƙa ko mai walda a jikin ɗakin kwanansa? Gaskiya ne, mu nan makaranta ko ƙarar janareta hana mu karatun dare take yi. To, ai amfanin tsari ke nan. Masu walda da makanikai da masu sayar da iskar gas a ba su yankinsu a gefe guda. Tela da mai kanti da mai magani su zauna cikin jama'a.

Hukuma tana da ikon yin wannan. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun Gwamna, Kano kuma tana da hukumar tsara birane. Amma in iyayenmu suka ci gaba da rububin sayen kowane fuloti don araha, dillali ba zai daina ba. Roƙona gare su shi ne, kafin a kafa dutse ko ɗaya a filin gabas, su haɗu su tafi wurin dagaci, su ce a nuna musu taswira. Su duba faɗin hanya, su tambayi inda ruwa zai bi, su sa yatsa a kan wurin firamare da kasuwa da maƙabarta. Tamu ta yanzu ta kusa cika, mai unguwa da kansa ya faɗa a masallaci ana gobe zan dawo makaranta.